Wata Bakwai a Kan Duwatsun Kafsiki

Sai da muka tsallake iyaka a bayan Mubi, motar ta fara hawan dutse tana nishi, sannan na tambayi Alhaji Sambo girman lambun da zan je in riƙe. Ya ce, "Malam Isyaku, kai dai ka tanadi ƙarfinka. Fili ne iya ganinka, ruwa kuwa sai ka ce ya isa."

Alhaji Sambo dillalin kayan gwari ne da na sani a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ni kuwa mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, kuma tun da aka kawo mana ruwan Tiga aka yanka kanal ta gefen gonakinmu, ban san wata sana'a ba sai noman rani. A shekarar da ta gabaci tafiyata tumatir ya yi kwantai, muka yi ta kallon kwandunanmu suna ruɓewa a bakin titin Zariya. Ana cikin wannan ɓacin rai Alhaji Sambo ya ce mini akwai wani masaukin baƙi a kan duwatsun Kamaru, inda Turawa ke zuwa hutu, ana neman wanda ya iya ban-ruwa ya kafa musu lambu. Na bar wa yayana Garba gonata, na bar Hadiza da goyon 'yarmu Rabi, na ɗauki fasfo sabo fil da gwangwanin madara cike da irin tumatir da latas da albasa, na bi shi. Damina ta ɗauke ke nan.

Mu a wajenmu ƙasa shimfiɗe take kamar faifai. Idan ka tsaya a kan gadar kanal, kana hango mai keke tun yana ɗan ɗigo. Shi ya sa da muka ɓullo saman tudun nan na Kafsiki na ga abin da ke gabana, sai na kama salati. Duwatsu ne dogaye, kowane a tsaye shi kaɗai kamar hasumiya, wani mai tsini, wani kamar an sare masa kai, a ƙarƙashinsu kuma kwari mai zurfin da idan ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Gidajen mutane 'yan ƙananan ɗakuna ne masu jinka a maƙale jikin dutse, gonakinsu kuma hawa-hawa, kowace an tokare ta da katangar duwatsu don kada ruwan sama ya tafi da ƙasar. Na ce a raina, waɗanda suka yi wannan aiki ba ragwaye ba ne.

Mai riƙe da masaukin sunansa Mushe Anri. A can kowane babban mutum Mushe ake ce masa, kuma ranar da na fara ji sai da na danne dariya, don a wajenmu mushe shi ne abin da ake ja a yar a bayan gari. Mutum ne mai tsabta da murmushi, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Kukun gidan, wani Bafulatanin Marwa mai suna Bello, shi ke yi mana tafinta. Mushe Anri ya miƙo hannu ya karɓi fasfona, wai zai kai a yi mini takardar zama. Ya kawo wata takarda da Faransanci, Alhaji Sambo ya ce ka'ida ce kawai, na dangwala yatsa. Daga nan Alhaji ya ce zai leƙa Mokolo ya dawo. Har yau da nake ba da wannan labari bai dawo ba.

Washegari na ce wa Bello ya nuna mini lambun. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya zagaya da ni bayan kicin. Wani ɗan fili ne da bai fi tabarma biyu ba, da busassun karare uku a tsaye.

Na ce, "To, ina babban?"

Ya ce, "Bakano, babu babba. Ruwan da muke sha ma daga gindin dutse ake hawo da shi. Ka san abin da ka dangwala wa yatsa jiya?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ɗan dako ne kai, shekara biyu, da duk wani aiki da gidan ya ga dama. Mutanen garin nan sun daina yarda su ɗauki kayan baƙi kullum, shi ya sa ake nemo na nesa, wanda bai san hanyar gida ba."

Na shiga wajen Mushe Anri na ce a ba ni fasfona. Ya yi murmushinsa, ya ɗaga yatsu biyu. Shekara biyu.

Haka na zama jakin masu yawon buɗe ido. Ba zan ɓoye ba, a wannan dako na ga abubuwan da ko a mafarki ban taɓa gani ba. Da hantsi mukan gangara kwari ta wata siririyar hanya, ni a baya da jakunkuna da gorunan ruwa, Turawa a gaba kowa da sanda da hular kwando. Mukan tsaya wajen mata masu ginin tukwane, waɗanda ke murza yumɓu da tafin hannu har tulu ya tashi sumul. Mukan tsaya wajen masaƙa, Turawa su yi ta mamakin ɗan siririn ƙyalle, ni kuwa ina tuna masaƙanmu da marinar Kura da ƙamshin baba, ina cewa da sun ga turkuɗi da ban san abin da za su yi ba. Akwai maƙera masu zubin tagulla: su ƙera abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da laka, su gasa kakin ya tsiyaye, su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in an fasa sai ga munduwa ko ɗan doki. Wannan ko sau nawa aka je ba na gajiya da kallo. Ranar kasuwa kuwa mutane kan sauko daga kowane lungu na dutse da awaki da gyaɗa da wake, a cika gindin bishiyoyi ana ciniki da harsuna huɗu.

Abin da baƙi suka fi so shi ne wani tsoho mai duba da ƙaguwa. Yakan zuba yashi da ruwa a kasko, ya kafa 'yan tsinkaye da guntayen sakaina, ya raɗa wa ƙaguwa tambayarka, ya saka ta ya rufe. In an jima ya buɗe, ya dubi abin da ta ture da abin da ta bari, ya faɗa maka amsa. Sau da yawa yakan yafuto ni da hannu in zo a duba mini kyauta. Nakan gaishe shi da ladabi in ce na gode, nawa al'amarin yana hannun Allah. Bai taɓa jin haushi ba.

Da la'asar sakaliya akan hau da baƙi wani tudu su kalli faɗuwar rana a bayan dogayen duwatsun. Rana ta farko da Bello ya raka mu da kwandon shayi, ya ja ni gefe ya nuna mini kwarin da ke yamma.

Ya ce, "Ka ga wancan hayaƙin? Ƙasarku ce. In ka gangara da sassafe, kafin azahar ka shiga Najeriya. Babu shinge, babu mai tambayarka. Wanda aka kawo kafin kai ta nan ya bi."

Na daɗe ina kallon wajen. A lissafina lokacin an gama shuka alkama a gida, ana jiran ranar da layinmu zai samu ruwa. Na ji kamar ina jin ƙarar ruwan yana faɗawa daga babban kanal zuwa ƙarami, na ga Garba da wando a naɗe yana jera bututun roba, na ga Hadiza ta aiko da dambu a kwano. Rabi kuwa ban san ko ta fara rarrafe ba. Hawaye ya zo mini, na juya baya don kada Turawa su ɗauke ni hoto da shi.

Na ce, "Bello, da rana tsaka na shigo ƙasar nan, ta ƙofa, da takardata a hannu. Ban saci komai ba. Don me zan fita ta bayan gida kamar ɓarawon akuya? In na isa Kura aka ce ina fasfonka, in ce me? Na bar wa wani ƙato na gudu?"

Ya ce, "Taurin kai zai kashe ka."

Na ce, "To, ya kashe ni a tsaye."

Na yi wata biyu a haka. Sai lokacin sanyi ya zo, baƙi suka yi yawa, mota biyu mota uku a rana. Wata safiya Mushe Anri ya kira ni farfajiya, baƙi na zaune suna karin kumallo. A kan tebur ga warki na fatar akuya, ga baka da kwari, ga wasu duwatsun wuya. Bello ya ƙi haɗa ido da ni. Da ƙyar ya ce, "Wai ka tuɓe rigarka ka sa waɗannan, ka hau kan dutsen can ka tsaya. Baƙi suna son hoton maharbin dutse, mutanen gari kuma sun ce su yanzu riga suke sawa, ba za su tuɓe wa kowa ba."

Na ce, "Ka gaya masa ni manomi ne daga ƙasar Kano, ban taɓa harbin ko ɓera ba."

Mushe Anri ya ce baƙi ba su san bambanci ba.

Na ce, "Ni na sani. Su ma mutanen garin sun sani. In masu abin sun ce ba za su yi ba, ni baƙo ne zan sa kayan kakanninsu in yi musu wasan biri a ƙofar gidansu? Ka ce masa kayansa zan ɗauka har inda ƙafata ta tsaya, amma rigata ba ta cikin takardar da na dangwala."

Ya ɗauko warkin ya tura mini a ƙirji. Na bar shi ya faɗi ƙasa, na harɗe hannuwana a baya don kada shaiɗan ya sa in yi abin da za a kira mini 'yan sanda. Baƙi suka ajiye cokula suka zuba mana ido. Murmushin nan nasa ya ɓace. Ya ce daga yau ba na sake raka baƙi. Aikina hawo da ruwa daga gindin dutse, in cika duro shida kullum.

Ya ɗauka hukunci ya yi mini. To, hukuncin ne, ba zan yi ƙarya ba. Garwa biyu da sanda a kafaɗa kamar ɗan ga-ruwa, hanya kuma tsaye take kamar tsani. A makon farko fatar kafaɗata ta saɓule, takalmina ya rabu biyu, na koma tafiya da ƙafa a kan tsakuwa. Sau biyu ina zamewa ruwan ya zube ina dab da kaiwa, na zauna na yi ta zagin Alhaji Sambo har na gaji, sannan na yi istigfari na koma ƙasa.

A bakin idon ruwan da nake ɗiba a gindin dutsen na haɗu da Baba Deli. Tsoho ne ɗan gajere, gonakinsa ne ke ƙasa da ruwan, kuma yana jin Hausar kasuwa saboda a ƙuruciyarsa ya yi fataucin awaki zuwa Mubi. Ya ji labarin warki, don a garin ba abin da ke ɓuya. Rana ta farko kallona kawai ya yi. Rana ta biyu ya kawo wani man ganye ya shafa mini a kafaɗa. Rana ta uku ya ga ina neman inda zan yi sallar azahar a cikin tsakuwa, sai ya tafi wani faffaɗan dutse, ya share shi da reshe, ya kori awakinsa daga wajen, ya ce, "Bahaushe, nan naka. Akuya ba hawa." Shi ba ya salla, addinin kakanninsa yake bi, amma tun daga ranar ban taɓa samun ƙazanta a kan dutsen nan ba.

Ido na mai ban-ruwa ba ya hutawa. Na lura ruwan da ke tsatsowa daga jikin dutse ya fi wanda ake ɗiba. Ragowar sai ya bi wata tsaga ya nutse a banza. Ƙasa kaɗan da wajen kuma ga gonakin Baba Deli hawa uku, an girbe dawa, suna zaune fayau sai wata damina. Na auna da ido, na sake aunawa da kwalba mai rabin ruwa da na kwantar a kan sanda, na ga ruwan zai iya zuwa da ƙafarsa.

Na ce, "Baba, me kake shukawa a nan da rani?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Rani? Rani dutse yana barci."

Na ce, "In ka ba ni aron hawa ukun nan, zan tashe shi."

Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, sannan ya ce in ɗauka, ai ko ba komai awaki za su samu abin dariya.

Mushe Anri bai damu da inda nake ba muddin duro shidan nan sun cika. Sai na riƙa gama jigila kafin azahar, in ba lambu sauran yinin. Muka toshe tsagar da duwatsu, muka gina ɗan tafki da zai tara ruwa. Kwanye, matar Baba Deli, ta karɓo mana yumɓu wajen masu tukwane muka shafe cikin magudanar don kada ta sha ruwan. Karo na farko da na saki ruwa, katangar ta ɓalle ta tafi da aikin kwana biyar. Baba Deli ya ce ba haka ake jera dutse ba. Ya nuna mini yadda ake kwantar da babba a ƙasa a cusa ƙanana a tsakani, kowane ya danne ɗan'uwansa. Ni na san ruwa, shi ya san dutse. Karo na biyu ruwan ya bi magudana sannu a hankali, ya sauka hawa na farko, ya cika fangali, na toshe da ƙasa na buɗe na gaba, kamar yadda muke yi a gida. Kwanye ta dafe kai ta yi guɗa irin tasu. Ni kuwa na durƙusa na sa hannu a cikin ruwan na daɗe ban cire ba.

Na buɗe gwangwanina na yayyafa iri. Muka kewaye wajen da ƙaya saboda awaki. Kafin wata biyu latas ya rufe ƙasa, albasa ta miƙe, tumatir ya fara fure. Matan gari suka fara zuwa kallo, daga kallo suka koma tambaya, ni kuma ban ɓoye komai ba. Na koya musu dashe, da yadda ake gane fangali ya ƙoshi, da cewa ba a ba tumatir ruwa da tsakar rana. Kwanye ta fi kowa kama abin. Nan da nan ta fara yi mini gyara.

Da ma kayan miya da na ganye daga Marwa ake kawo wa masaukin, su iso a yamutse. Da Kwanye ta fara kai wa Bello latas da raɓarsa, baƙi suka tambayi inda aka samo shi. Ba a jima ba sai ga Mushe Anri da kansa ya gangaro da Turawa goma sha, yana nuna musu koren lambu a tsakiyar ƙonannun duwatsu, yana ta bayani da hannu. Bello na gefe yana cije leɓe.

Na ce, "Me yake ce musu?"

Ya ce, "Wai wannan dabarar mutanen dutse ce tun shekara dubu, kuma masaukinsa ne ya raya ta."

Na ce, "Shekara dubun nan wata uku ne da kwana tara."

Bayan baƙi sun hau, Mushe Anri ya tsaya. Ya ce tun da ni ma'aikacinsa ne, lambun na masauki ne. Baba Deli ya tako har gabansa, kansa bai kai kafaɗar mutumin ba, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a nan aka binne cibiyar kakansa. Mushe Anri ya ga ba riba, sai ya juyo kaina da murmushi. Ya ce ya yafe mini ɗaukar ruwa. Zai nemi fili a ƙasa in yi wa masauki lambun da ya ninka wannan, in shekara biyun ta cika ya ba ni fasfona har da kyauta.

Na ce, "Bello, ka faɗa masa daidai yadda na faɗa. Lambu aka ce in zo in yi, na kuwa yi, ga shi kowa ya gani. Wanda ya ba ni ƙasa da mutunci na yi wa. Wanda ya riƙe mini takarda ba zan dasa masa ko tsinke ba. Gobe ina son fasfona."

Ya ɗaga yatsu biyu ya tafi.

Washegari ban ɗauki garwa ba. Na yi wanka, na sa rigata ta Juma'a da hula, na ɗaure kayana, na shimfiɗa buzu a bakin ƙofar da baƙi ke bi su shiga cin abinci, na zauna. Ban yi ihu ba, ban zagi kowa ba. Duk wanda ya wuce in ce masa sannu. Mushe Anri ya aiko a ce in tashi, na ce ina jiran takardata. Ya ce zai kira 'yan sanda, na ce madalla, da ma ina son in tambaye su ko a ƙasar nan an yarda mutum ya kulle fasfon wani a aljihun tebur. Bai kira ba. Ya hana a ba ni abinci. Da azahar sai ga Kwanye da ƙwaryar tuwon dawa a ka, ta ratsa ta tsakiyar Turawa ta dire a gabana.

Rana ta biyu wata tsohuwar Baturiya ta tsaya ta tambayi Bello me ya sami mutumin nan. Na ga Bello ya waiwaya wajen ofis, ya goge hannu a jikin rigar aikinsa. Yana da mata da 'ya'ya biyar a Marwa, kuma aikin nan kaɗai gare shi. Na ce, "Bello, ba dole." Ya ce, "Yi shiru, Bakano," ya juya ya zayyana mata komai.

Amma ba Turawa ne suka karya Mushe Anri ba. Rana ta uku aka fita da baƙi yawo kamar kullum, kafin hantsi ya yi zafi sai ga su sun dawo rai a ɓace. Masu tukwane sun rufe yumɓunsu da ganye sun ce yau ba aiki. Masaƙa sun naɗe zare. Maƙera ba su hura wuta ba. Da aka je wajen tsoho mai duba, ya ce ƙaguwarsa ta gaji, kuma ta gaya masa ba za ta warware ba sai baƙon da ke zaune a ƙofa ya tashi. Latas ma bai zo kicin ba. Ashe Baba Deli ne ya bi gida-gida da sandarsa. Ga duro babu ruwa, ga wata motar baƙi ana sa ran isowarta da yamma.

Da la'asar Mushe Anri ya fito da fasfon a hannu. Ya tsaya a kaina ya jefar da shi a ƙasa, kusa da buzuna. Mutanen gari sun taru a bakin shinge, baƙi suna baranda. Na dubi fasfon, zuciyata na cewa ɗauki ka tafi. Ban motsa ba.

Na ce, "Bello, ka ce masa ranar da ya karɓa, daga hannuna ya karɓa."

Bello ya faɗa. Mushe Anri ya dubi baranda, ya dubi shinge. Sannan ya sunkuya, ya ɗauka, ya kaɗe ƙurar a jikin wandonsa, ya miƙo mini. Na tashi tsaye na karɓa da hannu biyu, na ce na gode, don ba a raine ni da rashin ladabi ba.

Na ƙara kwana biyu a gidan Baba Deli, don tumatir ya nuna kuma ina son in nuna wa Kwanye yadda ake cire iri a shanya saboda baɗi. Bello bai rasa aikinsa ba. Babu wani kuku da zai yarda ya hau dutsen nan. Ranar tafiya Baba Deli ya raka ni har bakin hanyar mota, ya ba ni takalmin fata da ya sa aka ɗinka mini. Ya ce, "Bahaushe, kai mugun taurin kai." Na ce, "Baba, a wajenka na ƙaro." Ya yi dariyarsa mai tari, ya juya ya kama hawa, bai waiwayo ba.

Motar gyaɗa ce ta sauke ni a shingen iyaka da rana tsaka. Zafi ya sa kowa ya fake. Jami'i ɗaya ne a ƙarƙashin rumfa yana firfita da kwali. Mutane na ta wucewa da jakuna da kekuna ba mai ce musu kanzil. Na je gabansa na ajiye fasfona a kan tebur.

Ya ce, "Malam, wuce mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hatimi za a buga mini."

Ya ce, "Wa ya tambaye ka? Ba ka ga kowa na wucewa ba?"

Na ce, "Na gani. Wata bakwai na yi kafin takardar nan ta dawo hannuna. Ina son a rubuta cewa ta ƙofa na fita."

Ya dube ni, ya dubi kafaɗata inda tabon sanda ya leƙo ta wuyan riga. Ya jawo aljihun tebur ya lalubo hatimin, ya danna a soson tawada, ashe ya bushe ƙamas. Ya ce, "Ka gani ko? Sai ka haƙura."

Na kwance gorata, na ɗiga masa ruwa uku a kan soson. Na ce, "A ɗan jira ya jiƙa, ranka ya daɗe. Ba na sauri."